Baba da Tankin Murjaninsa a Hajj Yusuf

Ranar da Baba ya rasu, kafin maza su dawo daga maƙabarta an kafa rumfa ta tare layinmu na unguwar Hajj Yusuf a Khartum, har masu raksha, wato keke mai ƙafa uku, sai sun zagaya ta bayan masallaci. Duk wanda ya shigo sai ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ya ce "Al-baraka fikum," mu amsa. Mata suna cikin gida wajen Inna. Da yawansu in sun gama gaisuwa ba sa tafiya kai tsaye. Sai su tsaya a bakin ƙofar ɗakin Baba, su yi ƙasa da murya su ce, "A iya leƙawa?" Tankin suke son gani: akwatin gilashi mai tsawon gado, cike da ruwan teku, da duwatsun murjani masu rai, da 'yan kifaye.

Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta daɗe tana kallo, sannan ta goge ido da gefen mayafi ta ce, "Bayin Allahn nan kuma wa zai gaya musu?" Wani dattijon direban babbar mota ya zo tun daga unguwar Kalakla. Aka miƙa masa shayi ya kasa sha. Ya ce ya yi shekaru yana ɗauko wa Baba ruwan teku daga Bur Sudan, bai taɓa kawowa Baba ya fasa tambayarsa ko jarkokin sun sha rana a hanya ba. Yana faɗa yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Baffa, wan Baba, ya haye gada daga Omdurman da sandarsa, ya zauna a kusurwar rumfa yana jan carbi. Abin da kawai na ji ya ce shi ne, "Ni ya kamata ya raka."

Samarin layin kuwa na ji suna gaya wa juna da Larabci cewa tsohon nan mai kifi ya mutu. Ba su faɗi ƙarya ba, amma ba shi ke nan labarinsa ba. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, da Hausar da muke yi a gida ba mu cika rubutawa ba, don jikokinsa su san abin da ke bayan kifin.

An haifi Baba a ƙauyen masu tsinkar auduga a Jazira. Yana saurayi ya bi jirgin ƙasa zuwa Bur Sudan, ya sami aiki a wani wuri da ake nazarin halittun Bahar Maliya. Shi ne mai kula da tankuna da famfunan wurin. Da sojoji suka karɓi mulki, ba a daɗe ba aka sallami ma'aikata da yawa ba tare da an gaya wa kowa laifinsa ba, har da shi. Ya taho da mu Khartum a bayan babbar mota. Inna ta ɗaure tukwanenta da katifu, shi kuwa ya zauna rungume da ganga mai duwatsu a cikin ruwan gishiri, yana fifita ta da kwali har muka iso. A Hajj Yusuf ya koma gyaran famfunan ruwa da na'urorin sanyaya ɗaki. Gilashin tankin a kasuwar Omdurman ya yanko, ya haɗa da hannunsa.

Mutum ne mai fargaba, ba zan ɓoye ba. In ka ce masa, "Baba, ina gajiya?" sai ya ce, "Muna dai kallo." In ɗayanmu ya yi latti, a bakin titi za a same shi tsaye. In an ɗauke wuta, wanda a lokacin kusan kullum ne, zai bar abinci a gabansa ya ruga ya haɗa ƙaramin famfon iska da batirin mota. In batirin ya mutu, ya zauna da ludayi yana ɗiba yana zubawa don ruwan ya sha iska. Ba wanda ke sa hannu a tankin sai ya ce, "Kin wanke? Ba da sabulu ba."

Amma babban abin tsoronsa shi ne wani abu da ido ba ya gani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Ya ce mini, "Uwata, duk abin da kifi ya ci sai ya fitar. Wanda bai ci ba kuma sai ya ruɓe. Duka su narke su zama abin da ake kira nitirat. Ba ya wari, ba ya da launi. A teku ruwa na da yawa, yana kwashe shi. A nan kuwa ba inda zai je sai in ni na fitar da shi. In ya yi yawa, kifi zai daure, amma murjani ba zai daure ba."

Yana da wasu 'yan kwalabe na gwaji da wani ɗan'uwanmu mai aiki a Jidda yake aiko masa, don a kasuwanninmu ba a samu. Ya ɗebi ruwan tankin a ƙaramar kwalba, ya ɗiga maganin, ya girgiza, ya ɗaga ta wajen taga. In ruwan ya tsaya fari-fari, ranar Baba zai yi raha. In ya yi ruwan hoda, zai yi shiru. Ja kuwa ba mu taɓa gani ba sai shekarar da aka tafi da autanmu.

Autan ya gama sakandare yana jiran jami'a. Wata safiya ya tafi kasuwar Suk al-Shabi karɓo wa Baba kayan famfo. A lokacin ana yin kasha, wato a tare motar haya a sauke samari a tafi da su hidimar soja. Aka sauke shi daga mota tare da wasu. Wani mai sayar da ful, wato dafaffen wake, da ya san shi ne ya zo ya gaya mana. Da farko muna jin yana sansanin horo. Daga baya aka ce an tura su kudu, wajen yaƙi. Daga nan labari ya yanke.

Kowace safiya Baba ya sa farar jallabiyarsa ya fita. Ofishin nan ya tura shi wancan, wancan ya ce ya dawo mako mai zuwa. Ya bi gidajen waɗanda 'ya'yansu suka dawo. Ya bi asibitoci yana leƙa fuskokin waɗanda aka kawo. In ya dawo da azahar, Inna ba ta tambaya; kallon yadda ya ajiye takalminsa ya ishe ta. Sai ya yi salla ya shige ɗakin tanki.

A cikin wannan hali ne kwalbar gwajin ta fara rinewa. Daga hoda ta koma hoda mai duhu, daga nan ta doshi ja. Gansakuka ta fara rufe duwatsun kamar gashi. Akwai wani murjani mai rassa, wanda ya fi kowane daɗewa a hannunsa, tun daga Bur Sudan. Launinsa ya dushe ya koma ruwan ƙasa, kan rassan ya fara fari.

Baba ya yi duk abin da ya sani. Ya sa tiyo yana zuƙe dattin da ya kwanta a cikin yashi. Ya riƙa wanke soson tacewa kullum a maimakon mako-mako. Ya rage abincin kifin har na ce masa za su mutu da yunwa, ya ce kifi mai ɗan jin yunwa ya fi lafiya. Ya daina cika tankin da ruwan famfo in ya ragu, sai ruwan batir wanda aka tace. Ya yawaita canjin ruwa, kaɗan-kaɗan, don ya ce in aka canza gaba ɗaya murjanin zai firgita. Launin ya ɗan sauka, bayan kwana kaɗan ya sake hawa. Maganin gwajin kuma yana ta raguwa a kwalba, ba a san ranar da wani zai zo daga Jidda ba. Sai ya ɗaga kwalbar ya duba abin da ya rage kafin ya yarda ya ɗiga.

Canjin ruwa na nufin ƙarin jarkoki. Direban nan na Kalakla yakan sauke su a Suk al-Shabi, mu je mu ɗauko. Da autan ke yi. Da ba ya nan sai nake raka Baba in na taso daga makarantar da nake koyarwa. Wata rana a bakin gada sojoji suka tsayar da motar da muka ɗauka. Wani soja, yaro ne ƙarami, ya buga jarka da bakin bindiga ya ce, "Fetur ne?"

Baba ya ce, "Ruwa ne, ɗana."

"Ruwa? Ga Nilu a ƙarƙashinka kana yawo da ruwa?"

Ya buɗe ɗaya, ya tsoma yatsa ya lasa, ya tofar. Ya kira na gaba da shi. A lokacin kuwa abin da bai kai wannan ba yana kai mutum inda ba a dawowa da wuri. Baba ya yi ta bayani. Da ƙyar suka yarda cewa tsoho ne mai taɓin hankali suka ce mu wuce. Amma Baba bai wuce ba. Ya riƙe hannun rigar yaron ya ce, "Kai a ina aka yi maka horo?" Ya faɗi sunan autan da kamanninsa. Yaron ya girgiza kai, ya kawar da fuska. Da muka iso gida muna sauke kaya Baba ya ce, "Kin ga wuyansa? Ba sa ba su abinci."

Rigimarsa da Baffa a wannan lokacin ta faru. Baffa malami ne mai almajiran ilimi manya a Omdurman, kuma shi ya riƙe Baba bayan rasuwar kakanmu. Ya zo wata Juma'a ya tarar da Baba durƙushe da tiyo a baki. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Ɗanka yana daji ba a san ko yana da rai ba, kai kana nan kana jinyar dutse?"

Baba ya ce, "Yaya, shigo ka zauna."

"Ba zan zauna ba. Mutane na magana. Matarka ta rame ta zama kara. Ka fasa gilashin nan ka tashi ka nemi yaronka."

Ban taɓa jin Baba ya ɗaga wa Baffa murya ba sai ranar. Ya miƙe ya ce, "Wace ƙofa ce ban je ba? Faɗa mini ita in je yanzu! Na roƙi yaran da na haifi kamarsu, sun bar ni a rana. Wannan kaɗai ne abin da in na sa hannu yake sauyawa. In na fasa shi, me zan yi da hannuna daga azahar zuwa magariba?"

Baffa ya juya ya fita, ko ruwa bai sha ba. Suka yi watanni ba mai zuwa wajen wani. Har ƙaramar Salla ta wuce, a karon farko ba mu haye Omdurman gaisuwa ba.

Ni na gano dalilin da ya sa nitirat ɗin ya ƙi sauka, ko in ce na ɗauka ni na gano. Wata rana aka sallame mu da wuri, na dawo da hantsi, Baba yana wajen yawon ofisoshi. Na ji muryar Inna a ɗakin tanki, inda ba ta cika shiga ba. Na leƙa. Tana tsaye da ƙaramin faranti, tana marmasa gwaiduwar ƙwai da ragowar soyayyen kifi tana zubawa a ruwan. A cikin tankin akwai wani ɗan kifi ruwan lemo mai farin ɗamara biyu, wanda autan ya zaɓa da kansa wata tafiya da ya raka direban nan Bur Sudan, kuma shi yake ba shi abinci. Shi Inna take wa magana. "Ci mana. Ƙara. Ka ci ka ƙoshi." Kifin ya ɗauki abin da zai iya, sauran ya yi ta gangarawa cikin ramukan duwatsu.

Na koma da baya ba ta gan ni ba. Na yi kwanaki ina juya abin a raina. In na yi shiru murjanin zai mutu, Baba kuma yana ta kashe kansa da ɗaukar jarkoki, ga ciwon baya. In na faɗa, ina tsoron abin da zai biyo baya a gidan da kowa ke tafiya a kan ƙaya. Daga ƙarshe na same shi yana wanke soso a bakin famfo na ce, "Baba, akwai maganar da nake son yi, amma don Allah kada ka yi fushi da Inna."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ƙwai da soyayyen kifi."

Na ce, "Ka sani?"

Ya ce, "Maiƙo yana tasowa a saman ruwa, Uwata. Tun tuni na gani."

"To me ya sa ba ka hana ta ba? Murjaninka yana mutuwa."

Ya matse soson ya ajiye. "Innarku ta saba zuba abinci a kwano biyar. Yanzu huɗu take zubawa. In na hana ta wannan, wa za ta ciyar?" Sannan ya ce, "Kada ki nuna mata kin sani."

Abin da ya yi maimakon hani, sai daga baya na fahimce shi duka. Ya fara sayo ɗanyen kifi ya yanka ƙanana-ƙanana, ya wanke tas, ya ajiye kaɗan a murfin kwalba kusa da tankin kafin ya fita, ya ce da ƙarfi yadda za ta ji, "Na makara yau, ban ba su ba. Wanda ya sami hali ya zuba musu." Inna ta riƙa zubawa, amma wasu ranakun ta ƙara da nata. Sai ya kwashe manyan kifayensa, waɗanda ya fi so, ya kai wa wani likita a Khartum mai irin wannan tanki, kyauta, don dattin ya ragu. Ya bar ɗan ruwan lemon da 'yan ƙanana biyu. Ya roƙi direban ya zo masa da ciyawar teku a jiƙaƙƙen buhu. Ya dasa ta a baho kusa da taga, ya haɗa bahon da tankin da tiyo, ruwa na zagayawa. Ya ce ciyawar nitirat take ci ta girma, in ta yi yawa a yanke a zubar, dattin ya fita ke nan. Karon farko ciyawar ta narke saboda zafi, ta ƙara ɓata ruwan. Ya sake aikawa aka kawo wata.

Duk da haka murjanin nan mai rassa bai tsira ba. Wata safiya ya wayi gari fari fat kamar ƙashi. Baba ya ciro shi, ya ɗauraye, ya riƙe shi a hannu ya daɗe. Inna ta fito daga madafa ta gani. Ta ce, "Malam, me ya same shi?"

Ya ce, "Tsufa ne." Ya ɗora shi a kan katanga ya tafi aiki.

Sauran murjanin suka farfaɗo a hankali. Gansakukar ta ja da baya. Da wani maganin gwaji ya iso daga Jidda, kwalbar ta nuna hoda mai haske. Baba bai yi murna ba, ya ce a jira a ga mako mai zuwa.

Sulhunsa da Baffa ma ta hanyar ruwa ya zo. Wata rana da la'asar muka ji ana buga ƙofa da sanda. Baffa ne, gumi ya jiƙa masa rawani, ga jarka a gefensa da ya sha wahalar saukewa daga mota. Wani ɗalibinsa ne ya dawo daga Umra ta jirgin ruwa, Baffa ya sa shi ya ɗebo. Ya tura jarkar da ƙafa ya ce, "Ga ruwanka. Ban sani ba ko irinsa ne." Baba ya durƙusa ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana yaro. Daga baya ya gaya mini jarkar ta taɓa ɗaukar man gyaɗa, ruwan ba zai yi amfani ba. Ya jira har Baffa ya tafi sannan ya zubar a bayan gida, ya wanke jarkar, ya mayar masa da godiya.

Autan ya dawo da hantsi, ba sanarwa. Baba yana tsakiyar canjin ruwa, tiyo a hannu, tsohon ruwa na zuba a bokiti. Muka ji sallama a tsakar gida da muryar da muka sani, amma ta yi kauri. "Yumma? Yaba?" Haka ake kiran uwa da uba da Larabci. Inna ta saki ihu. Ni na fito na ga wani dogon mutum baƙi wuluk, ƙasusuwan kafaɗarsa a waje, yana jingina da bango saboda ƙafa ɗaya ba ta taka ƙasa sosai. Baba ya saki tiyon ya fito. Ya kama fuskar yaron da hannu biyu yana shafawa, kunne, wuya, kafaɗa, kamar mai duba ko an rage wani abu. Sannan Baba ya zauna a ƙasa. Tiyon kuwa yana can yana ta zuba. Ruwan gishiri ya cika ɗaki, ya gangaro tsakar gida, ya jiƙa tabarmi, ya zo har inda Baba yake zaune ya jiƙa masa jallabiya. Na ce, "Baba, tankin!" Ya ce, "Bar shi." Ni na ruga na zare tiyon, ruwa ya kusa kai rabi.

Wannan ne kaɗai lokacin da na ga Baba ba ya tsoron komai. Bai wuce la'asar ba. Ana idar da salla ya fara tambayar autan ko an ba shi takardar sallama, ko da hatimi a kanta, ko za su iya sake tare shi a mota. Sannan ya tashi ya shiga duba abin da ya rage na jarkoki.

Ya rayu shekaru bayan haka. Ya aurar da autan, ya ga 'ya'yansa, ya koya musu wanke hannu ba da sabulu ba. Bai daina tsayawa a bakin titi ba har ƙafa ta gaza. Inna har yau ba ta san ya sani ba, kuma ba ta karatun boko, na roƙi duk wanda ya karanta wannan ya bar ta a haka.

Tankin yana nan, autan ne ke fama da shi, kuma ba mu da tabbacin za mu iya. Direban ya tsufa ya daina hanya, wuta ba ta gyaru ba. Za mu riƙe iyakar ƙarfinmu.

Allah ya gafarta wa Baba, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba, ya saka masa da abin da ya ɗauke wa Inna a ɓoye. Allah ya saukar da shi inda ba a zaman jiran labarin kowa.